Ruwan rijiyata na cin bututu: tankin kalsait zan sa ko ɗigon soda?

Mai_Rijiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na zo da matsala, don na gaji da zato. Shekara huɗu ke nan muna shan ruwan rijiyar burtsatse a gida, ruwa garau, ba wari, ba laka. Tun bara na fara lura da wani tabo shuɗi-shuɗi, kore-kore a bahon wanka da wurin wanke hannu, daidai inda famfo ke ɗiga. A goge shi yau, kafin sati ya dawo. Ruwan farko na safe kuma ɗanɗanonsa kamar ka tsotsi makulli. Ban ɗauki abin da zafi ba sai watan jiya, da bututun jan ƙarfe mai kai ruwa hita ya huje a cikin bango. Hujin bai fi bakin allura ba, amma kafin mu ankara fenti ya kumbura, bango ya jiƙe sharkaf. Mai gyara ya yanko wurin ya ɗaga min shi a rana: cikin bututun ya zaizaye, wani gefen ya koma kamar takarda. Ya ce ruwana ne ke cin ƙarfe.

Na sayo takardar gwajin pH, mai auna tsamin ruwa, na tsoma, launin ya faɗa tsakanin 5.5 da 6. Kafin nan wani mai sayar da kayan tace ruwa ya sa na sayi matatar gawayi, har da rantsuwa za ta kashe tabon. Ko gezau. Yanzu wani ya ce tankin kalsait, wato tanki mai ƙwayoyin dutsen farar ƙasa da ruwa ke ratsawa, wani ya ce sodar wanki ake ɗigawa a ruwan. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka min, kada in sake zubar da kuɗi.

Baban_Yara:
Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka wahalar da kanka. Tsige jan ƙarfen nan gaba ɗaya ka sa bututun roba. Ruwa mai tsami ba ya cin roba. Ni haka na yi, shekara uku ban sake jin labarin yoyo ba.

Tsohon_Filamba:
Baban_Yara, rabin gaskiya ka faɗa. Roba ba ta ciwuwa, wannan haka yake. Amma gida ba bututu kaɗai ba ne. Kan famfo fa? Bawul fa? Mahaɗan da ake ɗaure robar da su, yawanci tagulla ne. Ga hita, ga injin wanki, ga shi kansa injin da ke cikin rijiya. Tagulla haɗin jan ƙarfe ce da zink, ruwa mai tsami kuma zink ɗin yake fara tsotsewa. Na sha kwance bawul in gan shi ya koma ja-ja, da farin ɓawo a jikinsa, in murɗa da sifana ya ɓare a hannuna kamar busasshen taɓo. Daga waje lafiya lau yake. Saboda haka sauya bututu yana rage yoyo a bango, amma ruwan yana nan da yunwarsa, zai nemi wani ƙarfen ya ci.

Baban_Yara:
To ai ni ban ga komai ba har yanzu, Baba.

Tsohon_Filamba:
Allah ya sa kada ka gani. Amma ka leƙa hitarka.

Malamar_Kimiyya:
Mai_Rijiya, sannu da wahala. Bari in ɗan yi bayani, don in mutum ya gane inda tsamin ya fito, zaɓin magani yana sauƙi.

Ma'aunin pH daga 0 ne zuwa 14, 7 ce tsaka-tsaki. Abin da ke ruɗar mutane shi ne tazarar ba ta mataki-mataki ba ce. Ruwa mai 6 ya ninka mai 7 tsami sau goma, mai 5 ya ninka shi sau ɗari. Don haka wanda ya ce maka "ai 5.5 da 6.5 duk ɗaya ne, kusa suke", bai san ma'aunin ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar ruwan sha ya kasance tsakanin 6.5 da 8.5, kuma ba don tsamin da kansa yana cutarwa ba. Lemon tsami ya fi ruwanka tsami nesa ba kusa ba, ana kuma sha. Matsalar abin da ruwan ke narkowa ne daga bututu ya kawo maka cikin kofi.

A yawancin rijiyoyi, iskar kabon dayoksaid ce tushen abin. Ruwan sama ma da kansa, ko a inda iska ke da tsabta, yana sauka da pH wajen 5.6. Yana ratsa ƙasa yana ƙara kwasar iskar daga saiwoyi da ruɓaɓɓun ganye. In ya ci karo da dutsen farar ƙasa a hanya, dutsen ya narke kaɗan ya kashe tsamin. In kuwa ƙasar giranit ce ko yashi, ba abin da zai tare shi, haka zai iso rijiyarka. Tankin kalsait ba komai ba ne illa ka kawo wa ruwan dutsen da bai samu a ƙarƙashin ƙasa ba.

Shuɗin tabon jan ƙarfe ne narkakke. Matatar gawayi aikinta wari da ɗanɗano da kulorin, ba ruwanta da pH. Wanda ya sayar maka ko dai bai sani ba, ko ya sani.

Uwar_Biyu:
Malama, ni abin da ya tsaya min a rai yara ne. Mai_Rijiya, akwai ƙananan yara a gidan? Ka bar maganar bango tukuna.

Mai_Rijiya:
Akwai Hajiya, ƙaramar ma ba ta cika shekara ba.

Malamar_Kimiyya:
To wannan ya zo gaba da komai. Jan ƙarfe in ya yi yawa yana sa tashin zuciya da ciwon ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 2 cikin lita. Shi aƙalla yana tona kansa da tabo da ɗanɗano. Wadda ba ta tona kanta ita ce dalma: ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, kuma ƙwaƙwalwar yara take taɓawa. Iyakar da hukumar ta sa mata maikurogiram 10 ne cikin lita. Tana iya fitowa daga tsohon liƙin mahaɗan bututu ko daga tagullar famfo. A Amurka ma sai a 1986 aka hana liƙin dalma a bututun ruwan sha, kuma gidajen da aka gina kafin nan da yawa suna nan da shi.

Daga yau, kafin a samu sakamakon gwaji: da safe a bar famfo ya zuba har ruwan ya canza sanyi a hannu, alamar wanda ya kwana cikin bututu ya fita. Kada a ɗebi ruwan hita don sha ko girki ko haɗa madarar jaririya, ruwan zafi ya fi narkar da ƙarfe. Tafasawa kuma ba ta cire dalma. Ruwa ne ke tashi, ita tana nan. Ita ƙaramar, in da hali a nema mata wani ruwan daban na ɗan lokaci.

Ɗan_Sauri:
Ku dai kuna son dogon turanci. A samo buhun farar ƙasa ta shafen bango a juye cikin rijiyar, magana ta ƙare. Ba ita ce ke kashe tsami ba?

Tsohon_Filamba:
Kai yaro, rufa mana asiri. An taɓa kira na gidan da aka yi haka. Kwana biyu ruwa fari fat kamar nono, yana santsi a hannu, ba mai iya sha. Injin ya shaƙi lakar ya toshe, sai da muka zaro shi. Bayan sati ruwan ya koma tsaminsa kamar ba a yi komai ba.

Malamar_Kimiyya:
Haka ne zai faru. Ruwan da ya ƙoshi da wannan farar ƙasa pH ɗinsa ya haura 12, yana iya ƙona baki da ido. Rijiya kuma ba randa ba ce, sabon ruwa na shigowa kullum daga ƙasa da tsaminsa. Duk maganin da ba ya tafiya tare da kowace litar da ka ja, na kwana biyu ne.

Ɗan_Sauri:
To na janye. Na'urar RO fa, mai matsa ruwa ya ratsa matata mai laushi ƙwarai? Ita ai har gishiri tana cirewa.

Mai_Tanki:
RO tana cire dalma da jan ƙarfe a ruwan sha, in an sa ta a famfon kicin. Wannan amfani ne na gaske ga mai jaririya. Amma ba ta gyara tsami, ƙara shi ma take yi, don tana kwashe ma'adinan da ke tare tsamin, iskar kuma ta ratsa ta wuce abinta. Shi ya sa wasu ke zuwa da ƙaramin kwalin kalsait a ƙarshe. Kuma famfo ɗaya take karewa, sauran gidan na nan ana cinsa. Na'urar cire taurin ruwa (ma'adinan da ke hana sabulu kumfa) ma, mai amfani da gishiri, ba ta taɓa pH. Na faɗa ne don kada a sake sayar maka da wani abin.

Ni shekara shida ke nan da tankin kalsait. Amma ba zan ce ka saya ba sai ka yi gwajin gaske. Takardar nan ta launi kintace ce kawai.

Malamar_Kimiyya:
Ga yadda za ka yi gwajin. Ka nemi ɗakin gwajin ruwa su ba ka kwalabe. Kwalba ta farko ka cika ta da ruwan farko na safe, wanda ya kwana aƙalla awa shida cikin bututu, kada kowa ya taɓa famfo kafin nan. Ta biyu bayan ruwa ya zuba na mintuna. Bambancin biyun shi zai nuna ko ƙarfen daga bututunka yake ko daga ƙasa. A auna jan ƙarfe, dalma, baƙin ƙarfe, manganis, tauri, da abin da ake kira alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na tare tsami. Tun da an je, a duba ƙwayoyin cuta.

Shi pH kuwa a bakin famfo ake auna shi, nan take, da mita da aka daidaita. In ya kwana a kwalba iskar tana fita kamar yadda gas ke fita daga lemon kwalba da aka buɗe, sai lambar ta hau, ka ɗauka ruwanka ya fi yadda yake kyau.

Mai_Shakka:
Ni fa ina ganin ana kambama abin nan. Kakanninmu sun sha rijiya shekara da shekaru, wa ya auna musu pH?

Uwar_Biyu:
Kakanninmu da guga suke ja, Malam. Ruwansu bai kwana cikin jan ƙarfe ba.

Mai_Shakka:
Wannan kuma kin kama ni.

Mai_Tanki:
Ku tuna abin da ya faru a garin Filint na jihar Mishigan a 2014. Aka sauya musu ruwa zuwa na kogi, ba a sa maganin hana cin bututu ba, dalma ta shiga ruwan gidaje.

Malamar_Kimiyya:
Misali ne mai kyau a kan yadda ruwa ke kwaso dalma, amma kada a haɗa su gaba ɗaya. Can ba tsami kaɗai ba ne, ruwan kogin yana da kulorayid da yawa, ga kuma rashin sa sinadarin fosfet da ke yi wa cikin bututu rufi. Na faɗa ne don a san pH ba shi kaɗai ke sa ruwa cin ƙarfe ba. A rijiyar gida dai, shi ne wanda aka fi kamawa da laifi.

Mai_Rijiya:
Jama'a na dawo, sakamako ya fito. Da mita a bakin famfo pH 5.7. A ɗakin gwaji bayan kwana biyu 6.3, kamar yadda Malama ta ce. Alkaliniti 12, tauri 20, baƙin ƙarfe 0.6, duk miligiram cikin lita. Jan ƙarfe a ruwan farko 2.4, bayan an bar shi ya zuba 0.2. Dalma ƙasa da iyaka a duka biyun, alhamdulillahi. Ba ƙwayoyin cuta. Yanzu sai me?

Uwar_Biyu:
Alhamdulillahi a kan dalmar. Amma a ci gaba da zubar da ruwan farko, 2.4 ɗin nan ya haura.

Malamar_Kimiyya:
Madalla, yanzu muna da abin magana. Da 5.7 da alkaliniti 12, lissafi na nuna akwai iskar kabon wajen miligiram 45 zuwa 50 cikin kowace lita. Wannan lambar ce ke faɗa maka yawan maganin da za ka ci, ba pH ba. Rijiya biyu na iya nuna 5.7 dukansu, ɗaya alkalinitinta 5, ɗaya 40. Ta biyun iskar da ke cikinta ta ninka ta farko sau takwas, haka za ta ninka ta cin kalsait. Masu sayarwa da yawa pH kawai suke tambaya su miƙo maka tanki.

Kowane miligiram 44 na iskar yana narkar da miligiram 100 na kalsait. Ka ga kenan ruwanka zai tashi daga tauri 20 zuwa tsakanin 100 da 120. In gidanka na shan lita 600 a rana, kalsait wajen giram 60 ke narkewa kullum, kilo ashirin da 'yan kai a shekara. Da soda kuma, kowane miligiram na iskar yana jawo kusan miligiram ɗaya na sodiyam, wato wajen 40 zuwa 50 a lita in an kashe ta duka. Ba za ka ji shi a baki ba, sai ya kai wajen 200 ake jin ɗanɗano, amma wanda likita ya hana wa gishiri sosai ya kamata ya san da shi.

Mai_Tanki:
Ni kalsait zan ce. Dalilina ɗaya ne: ba ya wuce gona da iri. Ruwa na narkar da shi ne gwargwadon tsaminsa, in tsami ya ƙare narkewa ta kusan tsayawa. Ba ka da abin aunawa, ba ka da abin damawa. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce, daga 6 zuwa sama kalsait zalla ya isa, tsakanin 5.5 da 6 a haɗa masa magnesiyam oksaid kaɗan, wanda ake sayarwa da sunan Corosex, ƙasa da haka a koma soda. Kai kana tsakiya. Kashi 10 cikin ɗari na magnesiyam ya ishe ka farawa.

Injiniyan_Ruwa:
Ina karantawa tun farko, bari in sa baki, don ban yarda da Mai_Tanki gaba ɗaya ba. A 5.7 da iska mai yawa haka, kalsait yana bakin iyakarsa. Dutse ne, yana buƙatar lokaci da ruwa kafin ya narke. In famfo ɗaya aka buɗe, ruwa na ratsa tankin a hankali, ya fito 7. In ana wanka, injin wanki na ja, ana ban ruwan fulawa a waje, ruwan zai wuce a guje ya fito 6.2, ka koma gidan jiya. Soda ba ta da wannan matsalar. Ana dama ta a ƙaramin tanki, a haɗa ɗan famfon ɗigo da makunnin injin rijiya, duk lokacin da injin ya tashi shi ma ya tashi. Ana ɗiga ta kafin tankin matsi, wato tankin da ke riƙe ƙarfin ruwan gida bayan injin, ta gauraya nan take. Kana iya ɗaga pH zuwa inda kake so, ba ta kuma ƙara tauri ko kaɗan. Tankin matsin ma ya samu kariya, wanda kalsait ba ya ba shi tun da bayansa ake sa shi.

Tsohon_Filamba:
Injiniya, a takarda kai ne da gaskiya. Ni kuma gidajen mutane nake shiga. Famfon ɗigo nawa na tarar tankinsa ya bushe ƙaraf tun wata uku, mai gida bai sani ba? Bakin ɗigon yana toshewa da ɓawo, 'yar robar ciki tana tsagewa, wani ya dama sodar da ruwan sanyi ta kwanta a ƙasa ta daskare. Wani kuma ya ce bari ya ƙara don ta yi ƙarfi, ruwa ya koma santsi kamar sabulu. Soda tana son mai gida da zai leƙa ta duk sati biyu ko uku. Kalsait sau ɗaya ko biyu a shekara. Mai_Rijiya ya tambayi kansa wane irin mutum ne shi.

Mai_Rijiya:
Baba, ni mutumin da ya ga shuɗin tabo shekara guda bai yi komai ba ne. Ka yanke hukunci.

Injiniyan_Ruwa:
Hahaha. To shi ke nan, na sallama. Amma da sharaɗi: a ɗauki tanki babba, kada a yi rowa a nan. Ka fara auna ruwan da injinka ke bayarwa. Buɗe famfon da ke kusa da tankin matsi, ka cika bokiti mai sanannen awo kana kallon agogo. Wannan lambar ka kai wa mai sayarwa, ya nuna maka a takardar kamfanin cewa tankin na ɗaukar wannan gudun. In ya ce "duk ɗaya ne", ka fita daga shagon.

Wanda ruwansa ya faɗi ƙasa da 5 sosai, musamman kusa da inda ake haƙar ma'adinai, wannan wani zance ne. Can ba iskar kabon ba ce, asid ɗin salfa ne daga duwatsu, kalsait ba zai iya ba, har soda mai ƙuna ake kaiwa, ita kuma ba abin wasan gida ba ce.

Mai_Tanki:
Akwai abin da ba a taɓo ba, baƙin ƙarfen nan 0.6. Daga 0.3 yake fara ɓata kaya. Mai_Rijiya, in ruwa ya kwana a farin bokiti, ba ka ganin ɗan rawaya a ƙasa?

Mai_Rijiya:
Ana gani, na ɗauka ƙura ce.

Mai_Tanki:
Ba ƙura ba ce. Tsamin ne ke riƙe shi a narke, shi ya sa ruwanka ke fitowa garau. Da zarar pH ya hau, zai fara zama tsatsa, kuma cikin kalsait ɗin zai kwanta. Tankin iri biyu ne. Akwai wanda ruwa ke shiga ta ƙasa ya fito ta sama, ba ya buƙatar wuta, ba ya zubar da ruwa, amma ba ya wanke kansa. Akwai wanda ruwa ke bi daga sama, duk bayan 'yan kwanaki ya juya ruwan baya ya girgiza dutsen ya zubar da datti a magudana. Mai baƙin ƙarfe na biyun zai ɗauka. Na fara da na farkon, cikin shekara tsatsa ta lulluɓe ƙwayoyin dutsen, ruwa ya haƙa wa kansa hanya ɗaya yana bi, sauran ya dunƙule. Da na buɗe sai da na sa ƙarfe na farfasa. Kuma nan ne awon Injiniya ke ƙara amfani, don in injinka ba shi da ƙarfin ɗaga dutsen lokacin wankin, wankin banza ne.

Jerin kuma haka yake: rijiya, tankin matsi, kalsait, sannan matatar baƙin ƙarfe in an buƙace ta, sannan na'urar cire tauri in an buƙace ta. Kada a juya. Matatun baƙin ƙarfe da yawa ba sa aiki a ruwa mai tsami.

Uwar_Biyu:
Taurin nan fa, dole sai ya sayi na'urar cire shi?

Malamar_Kimiyya:
A'a Hajiya, kada ya saya yanzu. Tauri wajen 100 matsakaici ne, mutane da yawa da shi suke rayuwa ba su ma sani ba. Zai ga sabulu ya ɗan rage kumfa, zai ga farin ɓawo a butar lantarki. Ya zauna da shi wata biyu ya gani. Akwai kuma hanyar da ba wanda ya ambata: iska. In ruwa ya fantsama cikin buɗaɗɗen tanki, wani kaso na iskar kabon yana tashi da kansa, pH ya hau ba tare da an sa komai ba, kalsait ɗin da zai ci ma ya ragu. Sai dai tana buƙatar wani injin da zai sake tura ruwan, da kula kada datti da ƙwari su shiga. Shi ya sa ban tura shi can ba.

Baban_Yara:
Ni dai na leƙa hitar kamar yadda Baba ya ce. Bawul ɗin ƙasa ya yi kore. Ina ake samun mitar nan ta pH?

Tsohon_Filamba:
Sannu da zuwa.

Mai_Rijiya:
Assalamu alaikum, wata biyu ke nan, na ce bari in kawo rahoto. An sa tanki mai wanke kansa, kalsait da magnesiyam kashi 10. Kwana biyun farko ruwa ya fito da ɗan fari-fari, sannan ya washe. Na goge tsohon tabon da ruwan khal, har yau bai dawo ba. Ɗanɗanon makulli ya tafi. Da rana mita na nuna 7.1 zuwa 7.3, ko ana wanka tare da injin wanki bai sauka ƙasa da 6.9 ba. Na sake kai ruwan farko, jan ƙarfe ya dawo 0.3. Butar lantarki ta fara farin ɓawo kamar yadda aka ce, uwargida ta ce za ta iya zama da shi.

Abu ɗaya ke damuna. Da asuba, ruwan da ya fara fitowa daga tankin yana kai 8.6, yana ɗan santsi. Bayan minti biyu ya sauko. Matsala ce?

Mai_Tanki:
Magnesiyam ɗin ne. Shi ba kamar kalsait ba ne, in ruwa ya kwana a kansa yana ci gaba da narkewa ya zarce. Ba abin tsoro ba ne a wannan lambar. Lokacin ƙari ka zuba kalsait zalla, ka ga ko rana za ta riƙe 7 ba tare da shi ba.

Injiniyan_Ruwa:
6.9 a lokacin cunkoso ya fi abin da na zata. Amma ka auna in dutsen ya ragu, a nan ne nake jiran ka.

Mai_Rijiya:
Ta yaya zan san ya ragu ba tare da na buɗe ba?

Tsohon_Filamba:
In tankin mai haske ne, ka je da dare ka ɗora tocila a bayansa, ka kalla daga gaba. Inda dutse yake duhu ne, inda ruwa yake haske na ratsawa. Ja layi da alƙalami a wurin yau, ka rubuta kwanan wata. In ya sauka kamar taƙi ɗaya, lokacin ƙari ya yi. Ranar ƙarin ka karkatar da ruwa ta bawul ɗin kewaye, ka saki matsin kafin ka taɓa murfin, don na ga wanda murfi ya fasa wa leɓe. Zuƙe ruwan sama da tiyo, zuba dutsen da mazurari, kada ka cika shi, bar wajen kashi ɗaya cikin uku na sama fili don ya samu wurin tashi lokacin wanki. Sannan ka sa shi ya wanke kansa kafin ka maida ruwa gida.

Tsofaffin bututun da suka riga suka zaizaye kuwa, dutse ba zai mayar musu da naman da aka ci ba. Kana iya ganin huji ɗaya ko biyu nan gaba, kada ka ce tankin ne bai yi ba.

Mai_Rijiya:
Na je da tocila yanzu, na gani sarai, na ja layin. Baban_Yara, in ba ka sayi mitar ba tukuna, ka tabbata an haɗa maka da ruwan daidaita ta, mai 4 da mai 7. Tawa da na fara sakewa da ita, sati uku kawai ta fara nuna min 7.6 a cikin ruwan 7.